Riƙon Tsani

Mutum biyu kamfanin sola ya ɗauka gwaji, kuma tun ranar farko Mai Kamfani ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: ɗaya za ta riƙe, ɗaya ya kama gabansa. Tana faɗa tana duba wayarta, ko kai ba ta ɗaga ba. Auta ya saci kallon wanda ke tsaye kusa da shi, wani siririn saurayi mai yawan fara'a, sai ya tarar ashe shi ma shi yake kallo. Suka yi wa juna murmushi, kowa da abin da ke cikinsa.

Auta ba yaro ba ne, sunan gida ne kawai ya bi shi har girma. Yana da mata da 'yar jaririya, kuma su ukun a ɗakin ajiyar kawunsa suke kwana, wani ɗaki na bakin ƙofa da aka ture karyayyun kujeru da mataccen firji gefe guda aka shimfiɗa musu katifa. Ya daɗe yana yawo ofis-ofis da takardunsa na karatun lantarki, har bakin ambulan ɗin ya yi baƙi don shan hannu. In wannan aikin ya kuɓuce masa, to shi da barin ɗakin nan sai yadda Allah ya yi. Ga matar Kawu ta fara tambayarsu ko firjin nan bai takura musu ba, irin tambayar da kowa ya san inda ta dosa.

Shi kuwa Kawu, in dai shawarar aiki kake nema, ka zo gidanta. Wurare huɗu ya yi aiki a rayuwarsa, duka huɗun korarsa aka yi, kuma a faɗarsa ko sau ɗaya ba laifinsa ba ne, makirci ne. Mutumin da aka kora sau huɗu ai dole ya san kan aiki! Haka yake gani, haka kuma Auta ya yarda. Da yamma sai ya fito da kujerar robarsa ƙofar gida, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya buɗe makaranta.

"Zauna in gaya maka, Auta. Wurin aiki ba gidanku ba ne. Kada ka ci abinci da su, a wurin ci ake tatsar mutum. Wanda ya fiye yi maka dariya, lura da shi. Kuma kada ka kuskura ka yarda a ajiye ka inda mai wurin ba ta ganinka. Ni haka aka yi mini, aka cusa ni ɗakin fayil ina aiki kamar jaki, wani ɗan banza mai ƙamshin turare yana kai wa manya abin da na rubuta da hannuna."

"To, Kawu."

"Ba 'to' ba. In ka san wani abu, kada ka zubar da shi a gaban abokin aiki ya kwashe ya kai. Riƙe abinka a ciki sai gaban mai wurin. Ka ji ni?"

"Na ji, Kawu."

Babban ma'aikacin da aka haɗa su da shi Baba Filaya ake ce masa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, kullum filaya na aljihun bayansa har ta huda wandon. Magana kuwa kamar ana cirar masa haƙori. Kowa a kamfanin ya san Mai Kamfani ba ta yanke wa sabon ma'aikaci hukunci sai ta ji ta bakin dattijon nan.

Abin da ya fara koya musu ba haɗa waya ba ne, riƙon tsani ne. Wai riƙon tsani! Auta ya ji kamar ya yi dariya, amma Baba ya tsaya a kai kamar wani babban karatu.

"Ƙafa ɗaya a kan matakin ƙasa. Hannu biyu. Ido a sama. Ko mahaifiyarka ce ta zo wucewa, gaishe ta da baki, hannu yana nan."

A makon farko Baba ne ke hawa, su kuma suna karɓa-karɓar riƙo. Daga nan sai abu ya tsaya wuri guda. Siririn saurayin ya koma hawa, yana bin rufi da gudu har direba ya laƙaba masa Kurege, sunan ya zauna daram. Auta kuwa riƙo. Kurege ya hau, Auta ya riƙe. In wurin ya yi tsawo sosai aka ware dogon tsani, Baba ya hau da kansa, Auta dai ya riƙe. Wuyansa ya sanƙare don kallon sama, ya san tafin takalmin mutanen nan biyu fiye da yadda ya san fuskokinsu.

Nan fa zargi ya fara yi masa saƙa. In za a fita aiki, Kurege ne a gaban mota tsakanin direba da Baba, shi kuma a baya cikin fanel-fanel na sola da batura, wai ya lura da tsani kada igiya ta kwance. Ta gilashin baya yana hango bakin Kurege na motsi, direba na ƙyaƙyata dariya. Me ake faɗa? Da wa ake? In an gama aiki masu gida Kurege suke yi wa sannu, shi suka gani a sama. Hoton da ake ɗauka a tura wa Mai Kamfani, Kurege ne tsaye a kan rufi ya ɗaga babban yatsa. Sau ɗaya Auta ya fito a hoton, shi ma ƙeyarsa ce.

In an zauna cin abincin rana a inuwa, sai ya ɗauki nasa ya koma gindin mota. Kurege ya ɗaga murya: "Injiniyan ƙasa, zo mana, ba ma cizo!" Auta ya yi murmushin yaƙe ya ce nan ma ya yi. A ransa kuwa cewa yake, ka ji shi, har ya raɗa mini suna.

Abin da ya fi tsaya masa a rai ya faru ne a wani gidan bene. Baba zai hau dogon tsani, sai Kurege ya yi wuf ya riga Auta kama ƙafar tsanin.

"Baba, yau bari in hutar da shi, ni in riƙe maka."

Baba ko kallonsa bai yi ba. "Sakar masa. Je ka warware waya."

Auta ya karɓi tsanin zuciyarsa na tafasa. Wato abin har ya kai ɗan lele ya nemi aikin wahala da kansa a hana shi! A ranar ya yi ta maza, da Baba ya sauko ya ce, "Baba, ni yaushe zan hau?"

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Ka gaji da ƙasa ne?"

"A'a, kawai dai..."

"Akwai lokaci."

Da ya kai wa Kawu labari, Kawu ya buga cinya har kujerar roba ta yi ƙara. "Akwai lokaci! Wallahi kalmar da aka faɗa mini ke nan a wuri na biyu. Ka bincika, yaron nan ɗan'uwansa ne, ko ɗan abokinsa. Sun gama shirya abinsu, kai an ɗauko ka ne a cika lissafi."

Matar Auta ce kaɗai ba ta yarda da wannan magana ba. Tana zaune bakin katifa tana shafa wa jaririya mai, ta ce, "Injiniya, ni fa ban gane ba. Mutumin nan ya taɓa zaginka?"

"A'a."

"Ya taɓa kai ƙararka?"

"Ina zan sani? Ai ba a gabana zai kai ba."

"To ka zauna da su mana ka ji abin da suke cewa. Kullum kana gindin mota kai kaɗai kamar mai ciwon ido."

"Ke ba ki san wurin aiki ba."

"Haka ne," ta ce, tana ɗan murmushi. "Ni ko sau ɗaya ba a taɓa korata ba."

Ya ji zafin maganar, don ya san da wa take. Ya juya mata baya ya fuskanci firji.

Lokacin gwaji ya kusa cika aka tura su wani babban ɗakin taro, mai dogon rufi da tayil mai sheƙi, irin wanda in ka taka da jiƙaƙƙen takalmi sai ka gaishe da ƙasa. Kamfanin ne ya haɗa musu sola a baya, yanzu suna son a ƙara fitilu can sama, kuma suna ƙorafi wai inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma ta gida, tana ta tsuwa tana ɗaukewa. Tana nan a kusurwar ɗakin da baturanta a jere, tana ta ƙiit-ƙiit kamar ɗan tsako.

Da safe, wajen shigo da kaya, Auta ya ajiye akwatin aiki kusa da baturan, sai hancinsa ya jiyo ƙaurin roba. Ya duƙa. A bayan batir na ƙarshe, inda ido ba ya kaiwa sai an leƙa, noti ɗaya ya saki, kan wayar ya yi baƙi don zafi. Shi ke nan ciwon, ba wani abu ba. Ya buɗe baki zai kira Baba, sai ya ji direba na cewa Mai Kamfani za ta biyo da rana ta ga aikin da kanta, don masu ɗakin sun dame ta da waya. Auta ya rufe bakinsa. Ya zari ƙaramar sifana ya jefa a aljihu, ya tura akwatin aikin ya tare wurin.

Tun daga lokacin hankalinsa na wurin baturan. Duk sanda Kurege ya gifta ta kusurwar sai ya ji kamar an tsikare shi. Ya gani? Bai gani ba? Ko ya gani shi ma ajiyewa ya yi?

Rana ta take, Baba yana can ƙololuwar dogon tsani yana ɗaure waya a jikin ƙarfen rufi, Auta na riƙe, sai ga ƙarar takalmin Mai Kamfani a kan tayil, manajan ɗakin na biye da ita yana zuba ƙorafi. Ta wuce kai tsaye wurin inbata. Kurege ne a kusa, yana naɗe waya.

"Kai, me ke damun abin nan?"

Kurege ya ajiye wayar, ya leƙa gaba, ya danna wannan ya danna wancan. "Ranki ya daɗe, ina jin... ina jin batir ne ya mutu."

"Batir sabo?" in ji manaja. "To wallahi ku za ku sauya, mu ba ruwanmu."

Fuskar Mai Kamfani ta ɗaure. Auta na kallo daga gindin tsani, tsakaninsa da su bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ga amsa a bakinsa, ga sifana a aljihunsa. Da ya faɗa daga nan inda yake ma ai da ta ji. Amma in ya faɗa da baki, wa zai duƙa ya ɗaure notin a gabanta? Kurege. Ya ɗaga kai. Baba ya ba da baya, hannuwansa biyu na cikin aiki, tsanin kuma a tsaye yake ƙyam. Na ɗan lokaci ne fa. Me zai faru?

Ya zare ƙafarsa daga matakin ƙasa a hankali. Ya saki hannun dama, ya saki na hagu.

"Ranki ya daɗe, ba batir ba ne."

Kafin ta juyo har ya isa, ya janye akwatin, ya kashe na'urar, ya durƙusa. Ya nuna mata baƙin kan wayar, ya kankare shi, ya ɗaure notin tam, ya kunna. Tsuwar ta ɗauke ɗif. Manaja ya ce, "Ikon Allah!" Mai Kamfani ta sauke tabarau ta dube shi, kallon da bai taɓa samu daga gare ta ba.

A daidai nan ne tsanin ya ja ƙafa a kan tayil. Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar an ja kujera. Sai wani abu ya faɗo daga sama ya daki ƙasa, tau! Tayil ya tsage. Auta bai san sanda ya tashi ba, sai ganinsa ya yi ya rungume tsanin da ƙirji. Can sama Baba Filaya ya saƙalo ƙarfen rufi da hannu biyu, ƙafarsa mai ciwo na lilo a iska tana laluben mataki.

"Lafiya?" Mai Kamfani ta ɗaga murya. Daga inda take ginshiƙi ya tare mata, ba ta ga komai ba.

Sannan muryar Baba ta sauko, a daidaice kamar kullum. "Lafiya lau, ranki ya daɗe. Filaya ce ta suɓuce mini."

Ya sauko a hankali, mataki bayan mataki, yana tsayawa a kowanne. Da ya taka ƙasa rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya tsinci filayarsa, ya duba bakinta, ya mayar aljihu. Bai dubi Auta ba. Kurege kuwa ya gani, tun daga farko har ƙarshe ya gani, ya tsaya da waya a hannu baki buɗe.

Kana tsammani Auta zai kwana da godiya? Ina! Tsoro ne ya cika shi, tsoron kuma ya koma zargi, don hanyar da zuciyarsa ta saba bi ke nan. Me ya sa dattijon ya rufa masa asiri? Ya kwashe labari ya kai wa Kawu, sai dai ya rage wani wuri, ya ce tsanin ɗan motsi kawai ya yi.

"Ka yi daidai!" in ji Kawu. "Yau ta san da zamanka. Shi kuma tsohon, kada shirunsa ya ruɗe ka. Ajiye maka ya yi. Sai ranar yanke hukunci zai fito da ita, a ofis, ƙofa a rufe. Ni na san irinsu."

Auta bai gaya wa matarsa komai ba. Ta lura dai abinci ya ƙi shiga, ta tambaya, ya ce gajiya ce.

Kwanakin da suka rage aikin ƙasa aka yi ta yi, haɗa batura da gyaran na'urori a harabar kamfani, ba a ware tsani ba ko sau ɗaya. Baba na ba shi umarni kamar da, miƙo wannan, riƙe wancan, ba ƙari ba ragi. Duk sanda dattijon ya nufi ofis, sai Auta ya bi shi da ido har ya shige. Duk sanda Kurege ya matso kamar mai son magana, sai ya ƙirƙiri aiki ya bar wurin. Mutum biyu ke riƙe da wuyansa, kuma ya tabbata ɗayansu zai matse.

Ranar da aka kira su ofis, maganar ba ta yi tsawo ba. Mai Kamfani ta yi wa Kurege godiya, ta ce yana da zafin nama, za ta ba shi takardar shaida mai kyau. Ta juyo wurin Auta ta ce ya je wurin ma'aji a auna shi a ba shi rigar aiki. Shi ke nan. Ya tsaya yana jiran sauran, yana jiran a ce amma. Ba a ce ba.

A harabar kamfanin ya tarar da Kurege yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Zai wuce, Kurege ya miƙo masa hannu.

"Barka, Injiniyan ƙasa. Allah ya sa alheri."

"Na gode," Auta ya ce, yana neman inda ƙayar take. "Ka yi haƙuri, abin rabo ne."

"Haba, ni ai na daɗe da sanin ba ni ba ne. Tun mako na biyu."

"Kamar yaya?"

Kurege ya dube shi, ya ga da gaske yake tambaya, sai ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wai kai ba ka sani ba? Kai jama'a! Ranar da na riƙe masa a makon farko wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban ma ɗauka ba fa, hannu ɗaya na sa na kashe ta. Yana can sama ya ji a ƙafarsa. Tun ranar bai sake bari na taɓa masa tsani ba. Direba ne ya warware mini. Ƙafar nan ta Baba da kake gani, faɗowa ya yi, wani ne ya sake shi ya je amsa kiran maigida. Tun daga nan ba ya hawa dogon tsani sai in shi ya zaɓi hannun da ke ƙasa, kuma wanda ya zaɓa shi ake ɗauka. Hawa ai kowa ma ya iya. Kowa a kamfanin nan ya san haka, har mai shara."

"Ni ba wanda ya gaya mini."

"A ina za a gaya maka? A gindin mota?" Ya ja igiyar jakarsa ya ƙulle. "Ni duk rawar kan da ka ga ina yi a kan rufi, neman shiga nake ko Allah zai sa ya sake duba ni. Har roƙonsa na yi a gabanka. Kullum ina gaban mota ina ba su dariya, ina hango ka a baya ka harɗe da tsaninka, ina cewa wannan mutumin ya san ya ci, shi ya sa ba ya kula kowa."

Auta ya ce, "To... ranar nan fa? Ba ka faɗa mata ba?"

"Na so in faɗa, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ma ina da uwa da ƙanne. Na je wurin Baba na ce zan ba da shaida. Ya ce in na buɗe baki, ba shi ba ni. Wai ya riga ya ba da sunanka tun tuni, kuma ya ji kana da jaririya." Ya hau babur ɗinsa ya taka. "Sai wata rana."

A gida an yi murna. Matar Kawu har da rangaɗa guɗa, wataƙila ta fi kowa farin ciki. Kawu ya yi ta nuna kansa da yatsa yana cewa, "Wa ya gaya maka? Wa ya ce ka nuna kanka?" Auta ya ce, "Kai ne, Kawu." Matar Auta ta ɗaga sabuwar rigar aikin tana juya ta, ta fara lissafin unguwar da za su nemi ɗaki, mai taga, mai ƙofar da ke rufuwa. Da ta dubi fuskarsa sai ta ajiye rigar.

"Injiniya, me ya faru?"

"Ba komai. An ɗauke ni."

Aikinsa na farko da sabuwar riga wani dogon bene ne a bakin titi, za a ja waya daga rufi a bi bango da ita. Wannan karon a gaban mota ya zauna, a wurin Kurege. Suka sauke dogon tsani, suka ware shi har ƙarshensa, suka jingina. Auta ya je ya tsaya a wurinsa na kullum, ya ɗora ƙafa a matakin ƙasa, ya kama da hannu biyu, ya kama sosai har jijiyoyin hannunsa suka fito.

Baba ya taɓa kafaɗarsa. "Matsa. Hau."

"Baba, ai dogon ne."

"Na gani. Ni kam na sauko ke nan, ba na sake hawa. Na gaya wa Mai Kamfani ƙafar ce ta matsa mini."

Auta ya san ba ƙafar ba ce. "Baba, ranar nan, wallahi ni..."

"Hau, rana na yi."

Ya rataya waya a kafaɗa ya fara hawa. Abin da ya daɗe yana nema ke nan, ga shi an ba shi. Matakan farko ba komai. Da ya wuce hawa na ɗaya sai ya ji tsanin ya fara lanƙwasa a ƙarƙashinsa, yana numfashi da kowane taku. Bai taɓa sanin haka tsani yake ba. Da ya kai sama iska ta kama rigarsa, motoci a titi suka koma ƙanana, ya gane cewa duk abin da ke tsakaninsa da kwalta hannu biyu ne na mutumin da ba ya iya gani sai ya sunkuya. Kuma ya ji su. Wallahi ya ji su a tafin ƙafarsa, yadda tsanin ya yi nauyi ya zauna, kamar an dasa shi.

Sai zuciyar nan tasa da ta saba zargi ta fara raɗa masa da muryar Kawu. Ajiye maka ya yi. Me ya sa ya hana Kurege magana? Me ya sa sai yau, sai a dogon tsani, a kan kwalta? Ba sai ya ture ba, ya ɗan saki kawai, ya ce ƙafar ce. Auta ya tsaya cak a kan mataki.

"Baba!" Muryarsa ta fita siririya. "Kana riƙe?"

"Ina riƙe. Yi aikinka."

Ya zaro ƙusa, ta suɓuce ta tafi ƙasa, ya daɗe bai ji saukarta ba. Ya manne da tsanin.

"Baba, kana riƙe?"

"Na ce ina riƙe."

Ya daure ya sunkuya ya leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa. Can ƙasa dattijon na tsaye, ƙafar nan mai ciwo ita ya ɗora a kan mataki, hannu biyu a jikin ƙarfe, ya ɗaga fuska cikin rana yana kallonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Direba ya zo yana yi masa magana, ya amsa da baki, bai juya ba.

Kunya ta rufe Auta, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Hawaye suka zubo masa, suka hana shi ganin bangon da ke gaban hancinsa. Ya goge fuska da kafaɗa, don ya kasa sakin hannu ko ɗaya.